Aikin nesa da ƙauyen da sabis ke ɗaukewa: Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tun bayan annobar korona, wani salon ci-rani ya bazu a duniya. Mutum yana zaune a wata ƙasa, kamfanin da ke biyansa albashi yana wata, kwamfuta da intanet ne kawai suka haɗa su. Estoniya ta fito da biza ta musamman domin irin waɗannan ma'aikata a 2020, Portugal ta bi sahu a 2022, Sifaniya a 2023. Da yawansu ƙauye suke nema, saboda arahar haya da kwanciyar hankali, kuma kafin su tambayi ruwa ko asibiti, ƙarfin intanet suke fara tambaya.

A kudancin Katsina ma akwai masu wannan sana'a, ko masu burin shigarta: matashin da ya koyi zanen talla a waya, malamar da ke koyar da karatun Alƙur'ani ta bidiyo ga 'ya'yan Hausawa mazauna Ingila, mai fassara daga Turanci zuwa Hausa. Sai dai tambayarsu ta sha bamban da ta Bature mai neman ƙauye. Shi yana tambayar sauri, su kuwa suna tambayar ko gobe za a wayi gari da sabis.

Ba tsoron banza ba ne. A watan Satumba na 2021, kwanaki kaɗan bayan an rufe layukan waya a Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, har ma da Funtuwa da Malumfashi, garuruwan da mutanen ƙauye ke dogaro da su. Hujjar gwamnati ita ce ɓarayin daji na amfani da waya wajen magana da masu kai musu rahoto da kuma cinikin kuɗin fansa. Duk wanda ya tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba zai ce hujjar ba ta da tushe ba. Amma matakin ya zo ne bayan wasu matakan: an riga an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da fetur a jarka. Mai janareta ya rasa mai, mai POS ya naɗe lemarsa, wanda ke son jin muryar ɗansa da ke Legas sai ya biya kuɗin mota ya je inda sabis yake. Haka aka zauna har cikin Disamba.

A ganina, asarar da ta fi girma ba a lissafa ta ba. Wanda ya ba ka aiki daga Dubai ko Landan bai san Faskari ba, kuma ba zai jira ka wata uku ba. Idan ka ɓace mako guda, wani zai ba. Shi kansa matashin ya gane cewa layin da abincinsa ya rataya a kai ana iya yanke shi da takarda ɗaya, don haka sai ya tattara ya koma Zariya, Kaduna ko Kano. Aikin da ake cewa zai sa mutum ya ci arziki yana garinsu, shi ne ya zama dalilin barin garin.

Ko da ba a rufe layi ba, sabis a karkara yana da rauni, kuma dalilan a fili suke. Turakun sadarwa ba su dogara da wutar gwamnati. Da dizal suke aiki, wasu da sola da batura. Dole tanka ta kai mai, injiniya ya je gyara, mai gadi ya kwana a wurin. Inda hanya ba ta biyuwa bayan la'asar, turke kan mutu ya daɗe ba a tashe shi ba. Sannan yawancin turakun ƙauye ba su haɗe da wayar ƙarƙashin ƙasa mai ɗaukar bayanai da yawa. Wannan turke ke miƙa wa wancan ta iska, idan na tsakiya ya faɗi duk na bayansa sun yi shiru. Shi ya sa za ka ga samari da yamma sun taru a kan tudu ko bayan makaranta, kowa ya ɗaga waya sama, ana tambayar juna, "Ya kawo a wajenka?" Saƙon WhatsApp zai iya fita a haka. Taron bidiyo na awa ɗaya ba zai yiwu ba.

Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin saurin da bai gaza megabit 10 a daƙiƙa ba a karkara, da 25 a birane. Megabit 10 ya isa mutum ya yi aikinsa, da zai tsaya daram daga safe zuwa dare. Ministan sadarwa Bosun Tijani ya yi maganar shimfiɗa waya mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Abin da ya kamata wakilan yankin nan su bibiya shi ne taswirar, ko za ta ratsa Sabuwa da 'Yankara ta Faskari, ko kuwa za ta tsaya a bakin babban titin Funtuwa.

Wasu sun sa rai ga Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Yana karɓa kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, babu ruwansa da turke. Amma kuɗin na'urarsa dubban ɗaruruwan naira ne, ga biyan wata-wata, ga sola da baturin da za su riƙe shi, kuma faranti a saman rufi a ƙauyen da ake satar mutane tallan dukiya ne. Ya fi dacewa da ɗaki guda na haɗin gwiwa a hedikwatar ƙaramar hukuma, mai tsaro da wuta, inda matasa ashirin za su zauna su raba kuɗin wata. Ƙananan hukumomin uku duk za su iya ware gini domin haka, kuma kuɗinsa bai kai na motar shugaba ɗaya ba.