RUWAN SHA A ƘASAR KAGOMA: WA KE AUNA SHI?

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kwoi da damina ya ratsa Fadan Kagoma, ba zai ce mutanen wurin suna da kukan ruwa ba. Sama takan zuba tun daga Afrilu har Oktoba, rafuka su cika su batse, gonakin citta su yi kore shar. Amma yawan ruwa daban, ruwan da za a ba jariri ya sha ba tare da fargaba ba kuma daban. A nan ne maganar take.

Ƙasar Kagoma, watau ta mutanen Gwong, tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Kamar yawancin ƙananan garuruwan kudancin jihar, gidaje da yawa sun dogara ne ga rijiya, da rijiyar burtsatse, da rafi. Mace ta ɗebo, ta duba ta ga ruwa garau, ta juye a randa. Alhali kuwa ƙwayar cutar kwalara ko ta taifot ba ta canza wa ruwa launi, ba ta ba shi wari. Ido ba ya ganinta, sai awo.

Awon kuwa yana da ƙa'ida a rubuce. A shekarar 2007 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa mai lamba NIS 554, aka kuma sabunta shi a 2015. Ma'aunin bai bar wurin kame-kame ba. Ƙwayar nan da ake kira E. coli, wadda ganinta ke nuna kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwa, ba a yarda a sami ko guda ɗaya cikin mililita 100 ba. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. Sinadarin naitiret, wanda ke tsiyaya daga takin zamani da kuma masai, iyakarsa miligiram 50. Wannan na ƙarshe ya kamata manoma su riƙe shi da kyau, domin in ya yi yawa yakan hana jinin jariri ɗaukar iska, har fatarsa ta yi shuɗi. Tafasa ruwa kuwa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri.

Ruwan famfo yana da nasa sharaɗi. Ba ya isa a zuba masa kulorin a matatar ruwa kawai. Ana so ragowar maganin, kamar miligiram 0.2 a lita, ta raka shi har bakin famfon mai gida. Dalili shi ne, inda ruwa ke zuwa yau ya ɗauke gobe, bututun da ya zauna wayam yakan zuƙo ƙazantar kwata ta wurin da ya tsage. Ranar da famfo ya dawo, mutane na murna, ruwan farko shi ne mafi haɗari.

Ta fuskar doka ma an yi gyara. A 2016 Jihar Kaduna ta kafa dokar ruwa da tsafta, wadda ta mai da tsohuwar Hukumar Ruwa kamfani mai suna KADSWAC, ta kuma tanadi wata hukuma dabam mai sa ido a kan masu sayar da ruwa. Hikimar a fili take: ba a ba kura ajiyar nama, mai tace ruwa ba zai zama shi ne alƙalin kansa ba. Ƙauyuka suna hannun hukumar RUWASSA, ruwan leda kuma NAFDAC ke ba shi lamba.

To, a ina ƙaramin gari ya faɗa? Ya fi ƙauye, bai kai birni ba, don haka ruwansa yakan fito ta hannu da yawa: rijiyar da gwamnati ta gina, wadda coci ko masallaci ya haƙa, wadda ɗan siyasa ya bayar gab da zaɓe, da ta mai gida da ke sayar wa 'yan garuwa. Ranar buɗewa akan taru, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ba kasafai ake jin wani ya tashi ya tambayi takardar awo ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya sami wannan ƙwaya ta E. coli cikin ruwan shan kusan mutum tara daga cikin goma a Nijeriya, kuma ruwan da ke cikin gida ya fi na bakin rijiya ɓaci. Ashe randa da moɗa ma suna da nasu laifin.

Abin da hakan ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. A 2021 kaɗai, hukumar NCDC ta lissafa mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 kuma suka rasu, akasarinsu a Arewa.

Kada mai karatu ya ce abin ya fi ƙarfinmu. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙasar nan. Da ƙyallen tace ruwa, da sababbin rijiyoyi, da mutum guda a kowane ƙauye mai riƙe da littafi yana rubutawa, aka ga bayan cutar a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013. Dattawa kuma ba su manta da duba-gari ba, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da kansa.

A ganina abin da ya kamata hakimai da kwamitocin unguwa na Kagoma su nema ba shi da tsada. Kowace rijiyar da jama'a ke sha a auna ta sau biyu a shekara, ɗaya da faɗuwar damina lokacin da ruwan sama ke wanko ƙazanta, ɗaya da rani. A liƙa sakamakon a jikin tanki, da kwanan wata, da sunan ɗakin awon. A hana haƙa masai kusa da rijiya ƙasa da mita 30. Ruwan da za a auna ana ɗibarsa ne cikin kwalba mai tsabta, a sa a ƙanƙara, a kai cikin sa'o'i shida, washegari a sami amsa. Kafanchan, mai babban asibiti da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ita ce ta dace da irin wannan ɗaki, kuma daga Fadan Kagoma tafiyar ba ta kai sa'a guda a mota.