Karyayyen Ƙarfe Ma Yana Ba Da Shaida

Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, sa'an nan ma'aikatar makamai a 1964 da kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, unguwar Kakuri ta zama gidan injuna. Inda injuna suke kuwa, ba a rasa ƙarfen da zai karye. Abin da akan yi shi ne a ce ƙaddara ce, a sayar wa 'yan gwangwan, a ɗaura sabo. Amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Masana ƙarafa sun gano cewa dalilin kowace karaya yana rubuce a bakinta. Ƙarfen da kaya suka fi ƙarfinsa yakan miƙe kafin ya tsinke, bakinsa ya yi dushi-dushi. Wanda ya tsage farat ɗaya yakan yi ƙyalli kamar fasasshen sukari. Mafi haɗari shi ne wanda ya gaji, watau tsaga ta fara daga ɗan miki ko mummunar walda, tana ci a hankali wata da watanni. Irin wannan yakan bar layuka kamar waɗanda Kogin Kaduna ke bari a kan yashi idan ruwa ya janye. Wanda ya bi su zai kai ga inda ɓarnar ta soma.

Da rayuka aka sayi wannan ilmi. A 1842 aksul na wani jirgin ƙasa ya karye kusa da Paris, mutane da yawa suka halaka. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila suka tarwatse a sama, bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce.

Da can da ido da madubin hannu ake dubawa. A 1965 aka fara sayar da wani sabon nau'in madubin lantarki mai ƙara girman abu sau dubbai, wanda ke nuna 'yan siraran layukan da tsaga ke bari duk lokacin da ta ƙara gaba. Yanzu har kwamfuta na taya masana tantance hotunan.

Saboda haka, jama'a, musamman makanikai da direbobi, idan ƙarfe ya karye kada a goga bakunan biyu da juna, kada a kankare su, kada a bari su yi tsatsa. A naɗe su daban-daban a kai wa injiniya. Ɗan'uwan wannan ƙarfe yana nan a jikin wata motar, ɗauke da mutane. Allah ya kiyaye mu.