Kafin a ɗora bene a kan gidan gado: abin da tsagar bango ke faɗa wa mutanen Zongo

Duk wanda ya ratsa lungunan Aboabo, Asawase, Sabon Zongo ko Alabar a 'yan shekarun nan ya ga abin da idonsa. Gidan da aka sani tun kaka da kakanni, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, yau an cire masa kwano, an zuba dakin, ga rodi sun leƙo sama suna jiran bene. Iyali sun ƙaru, fili ya ƙare, haya ta yi tsada a Kumasi, ga wani ɗa a Jamus ko Amurka ya turo kuɗi a gyara gidan tsoho. Niyya ce mai kyau. Sai dai ba a cika tsayawa a tambaya ba: shin fandishon da aka haƙa domin ɗaki da rufin kwano zai ɗauki nauyin wani gida a kansa?

Ghana ta ɗanɗana sakamakon irin wannan ganganci. Ranar 7 ga Nuwamba 2012, benen da kantin Melcom ke haya a Achimota, a Ankara babban birnin ƙasa, ya rufta da mutane a ciki, 14 suka rasu. Bincike ya nuna an yi ginin ba da izini ba, kankarensa kuma ba shi da ƙarfin da ya kamata. A Oktoban 2020 wani ginin coci da ba a kammala ba ya faɗi a Akyem Batabi, Yankin Gabas, rai 22 suka salwanta. Manyan gine-gine ne waɗannan, amma ciwon da ya kashe su shi ne ke cin ƙananan gidajenmu: rowar siminti, rodi marasa kauri, da aiki babu injiniya.

Wace tsaga ce ke da haɗari?

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Akwai siririya kamar gashi da ke yawo a fuskar fulasta, wadda ke zuwa idan fulastar ta bushe da sauri a rana. Wannan a cike a shafa fenti, shi ke nan.

Wadda za a tsaya a duba ita ce mai tafiya a karkace, ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala. Irin wannan na nuna wani ɓangaren fandisho ya zauna fiye da sauran. Idan faɗinta ya wuce milimita 5, ko ta ratsa bangon har ana ganinta ciki da waje, a nemi masani. Haka idan ƙofar da a da take rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko bango ya yi ciki ya turo waje, ko dakin ya lotsa a tsakiya. Mafi muni ita ce tsaga a jikin ginshiƙi ko a bim ɗin da ke ɗauke da dakin. Nan kam ba maganar jiran ƙarshen wata ba ce, a fitar da mutane daga ɗakin tukuna.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. Ka sa fensir ka ja layi a ƙarshen tsagar, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka ɗauki hoto da waya. Bayan mako biyu ko wata guda ka koma. In ta tsaya inda take, da sauƙi. In ta wuce layin, ginin yana motsi ke nan. Sau da yawa za ka ji birkila na cewa, "Alhaji, ba komai, mu shafe ta." Shafewa ba ta tsayar da motsin, ɓoye shi kawai take yi.

Ruwa ne babban maƙiyi

Kumasi na samun damina biyu a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Unguwanninmu da yawa kuma suna gangaren kogin Aboabo da Subin, inda ƙasa ke jiƙewa ta yi laushi. Gwatar da ta toshe ta bin bayan gida, famfon da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ramin bayan gida da aka haƙa dab da bango, duk suna zaizaye ƙasar da fandisho ke zaune a kai.

Tsofaffin gidajen jan ƙasa da aka yi wa fulastar siminti suna da nasu ciwon. Daga waje ka ga bango sumul, a ciki kuwa laima ta maƙale, ƙasar ta ruɓe. Ƙwanƙwasa gindin bangon da hannu. In ka ji ya yi ƙara kamar ganga, fulastar ta rabu da shi. Irin wannan bango bai kamata a ɗora masa dakin ba ko kaɗan.

A gidajen kankare kuwa, ka ɗaga kai ka dubi ƙasan dakin da baranda. Jan tabo alama ce ruwa ya kai ga rodi. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake, sai ya fasa kankaren da ke lulluɓe da shi, ɓarɓashi ya riƙa zubowa. Rodin da ya fito fili ya riga ya fara rasa ƙarfinsa.

Abin da doka ta ce

Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, da dokar tsara amfani da filaye, mai lamba 925, sun hana a yi gini sai da izinin majalisar yanki, kuma ƙara bene a kan tsohon gida yana ciki. Mutanen tsakiyar gari KMA za su je. Aboabo da Asawase kuwa suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong tun da aka cire ta daga KMA a 2012. Ana neman takardar fili, zanen gida, da zanen rodi da ginshiƙai mai sa hannun injiniya mai rajista. A 2018 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na Ghana, GS 1207, wanda ya fayyace ingancin kayan aiki, kariya daga gobara da hanyar fita. Jami'ai kan rubuta da jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki a kawo izini, kuma majalisa na da ikon rushe ginin da ya saɓa.

Gaskiya ne hanyar ba ta da sauƙi ga mutanen Zongo. Gidan gado mai magada goma sha, takardar fili tana da sunan kakan da ya rasu tun tuni, wani lokacin ma ba a san inda take ba. Shi ya sa mutane ke yin aikin a ɓoye, Asabar da Lahadi. To amma ko da takarda ta yi jinkiri, duba lafiyar ginin bai kamata ya jira ba. Kumasi ba ta rasa masana: ga jami'ar KNUST, ga cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI a Fumesua, inda ake gwajin ƙasa da kayan gini. Kuɗin injiniya bai kai kuɗin dakin ɗaya da za a fasa a sake ba.

Idan an fara aiki

Ka sa ido a kan yashi: zuba shi a kwalba da ruwa ka girgiza, in laka mai kauri ta kwanta a sama, bai dace ba. Bulon da ke marmashewa in ka murza shi da yatsa, a mayar wa mai shi. Kankare na buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake aunawa, don haka kada a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da dakin saboda mai haya yana jira. Wanda ke turo kuɗi daga waje ya nemi hoton rodi kafin a zuba kankare, domin da zarar an rufe, babu mai sake ganinsu.

Ɗan haya ma yana da baki. In ka ga tsaga na faɗaɗa, faɗa wa maigida a gaban shaida. In bai motsa ba, akwai ɗan majalisar unguwa, sashen ayyuka na majalisa, da NADMO. Kwamitocin masallatai da makarantun allo da ke ƙara bene da kuɗin taimako su ma su kawo injiniya kafin buhun siminti na farko, domin yara ne za su zauna a ƙarƙashin wannan dakin kullum safe da yamma.