Horon kare

A Bambeye da ƙauyukan da ke kewaye da ita, gidaje da yawa suna da kare. Wani kare yana tsaron gida da dare. Wani yana bin garke zuwa daji, yana korar dila daga ƴan awaki. Wani kuma yana kwana a garka. Malamai sun ce ya halatta a ajiye kare don tsaro, ko kiwo, ko farauta.

Amma ba kowane kare ke da amfani ba. Ku dubi karnuka biyu da karya ɗaya ta haifa. Na farko, in an kira shi, sai ya zo. In an hana shi, sai ya bari. Na biyu kuwa yana kama kajin maƙwabta, yana bin yara masu zuwa lakol da haushi. Ranar da ya ciji wani, sai gida biyu su ɓata. A kai magana gaban maigari, a biya ɓarna, ƙarshenta a kashe karen. Mi ya raba waɗannan karnuka biyu? Horo ne ya raba su.

1. Yadda kare yake koyo

Kare ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Abin da ya iya shi ne haɗa abu biyu da suka zo tare. Wani masani na ƙasar Rasha, mai suna Iban Pablof, ya nuna haka. An haife shi a 1849, ya rasu a 1936. Yakan sa karnuka su ji wata ƙara, sannan ya ba su abinci. Da aka yi haka sau da yawa, ko ƙarar kaɗai suka ji, sai miyau ya riƙa zubo masu. Sun haɗa ƙarar da abinci ke nan.

Haka horo yake. Ka faɗi kalma, kare ya yi abin da kake so, nan take ka ba shi lada. Gobe zai sake yi, don yana son ladar. Ladar ba ta da tsada: ɗan guntun ƙuli-ƙuli, ko ƙanzon tuwo, ko shafa kai da murya mai daɗi. Sai dai a ba shi nan da nan. In ka daɗe, ba zai san dalilin ladar ba.

Sanda fa? Sanda tana koya wa kare abu ɗaya kawai: tsoron mai sanda. Kare mai tsoro yakan gudu in an kira shi, kuma shi ne mai saurin cizo.

2. Yaushe ake farawa?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana haihuwar kwikwiyo idonshi rufe, sai ya yi kamar sati 2 yake buɗe shi. A bar shi wurin uwarshi har ya cika wata 2. Daga nan ana iya kawo shi gida, a fara horo. A wannan lokaci ya kamata ya saba da mutanen gida, da kaji, da awaki, da jaki, da amalanke. Abin da ya saba da shi yana ƙarami ba zai tsorata shi ba in ya girma.

Ga dokoki huɗu na mai horo:

- Darasi ya zama gajere: minti 5, sau 2 ko sau 3 a yini.
- A yi shi da safe ko da marece, kafin kare ya ci abinci. Da tsakar rana, a bazara, ƙasa tana ƙona mashi ƙafa.
- Kowane aiki da kalmarshi guda, kuma ba a canza ta.
- Duk mutanen gida su bi doka ɗaya. In kai ka hana shi shiga ɗaki, ƙanenka kuma ya bar shi, kare zai ruɗe.

3. Darasi na farko: suna da kira

Ka zaɓa mashi suna gajere. A ce sunanshi Duna. Ka ce: «Duna!» Da ya dube ka, ka ba shi lada. Bayan ƴan kwanaki zai san sunanshi.

Sai ka ja baya taki 3, ka durƙusa, ka ce: «Duna, zo!» In ya zo, ka yaba mashi, ka ba shi lada. Kullum ka riƙa ƙara nisa kaɗan kaɗan. Ka fara cikin gida, inda babu hayaniya, sannan ƙofar gida, sannan gona.

Kada ka kira kare don ka buge shi. Ko ya yi laifi, in dai ka kira ya zo, to, ya yi biyayya. In ka buge shi a nan, gobe ba zai zo ba.

4. «Zauna» da «tsaya»

Ka riƙe ƙuli-ƙuli kusa da hancinshi. Ka ɗaga hannunka sannu sannu bisa kanshi, wajen baya. Zai ɗaga kai yana bin hannun, sai ka ga ya zauna da kanshi. Yana zama, ka ce: «Zauna!» ka ba shi lada. Ba sai ka danne shi da ƙarfi ba.

In ya iya zama, ka nuna mashi tafin hannunka, ka ce: «Tsaya!» Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ka ba shi lada. Gobe ka ƙirga har biyar. Jibi ka ja baya taki ɗaya. In ya tashi, kada ka yi fushi. Ka mayar da shi wurinshi, ku sake. Sannu ba ta hana zuwa.

5. «Bari»

Wannan ita ce kalmar da ke ceton kaji, ta kuma ceci karen kanshi. Ka dunƙule abinci cikin hannunka. Zai sunsuna, ya lasa, ya taɓa da ƙafa. Kada ka buɗe. Da ya gaji ya janye kai, ka ce: «Bari!» ka ba shi wata lada da ɗayan hannun.

In ya gane, ka ɗaura mashi igiya, ku wuce kusa da kaji. Da ya zuba masu ido, ka ce: «Bari!» In ya juyo wajenka, ka ba shi lada. Kada ka sake shi cikin kaji sai ya daina kula su. Kuma kada ka taɓa cuna shi ga mutum ko ga bisa don wasa. Shi bai san wasa ne ba.

6. Wasanni

Kare mai biyayya yana iya koyon wasa. Ka sa shi ya zauna, ka ɗauki ƙafarshi ta gaba a hankali, ka ce: «Gaisuwa!» ka ba shi lada. Ba da daɗewa ba zai riƙa miƙo ƙafar da kanshi. Ko kuma ka jefa ƙwallon tsumma, ka ce: «Ɗauko!» In ya kawo, ka karɓa, ka musanya mashi da lada.

7. Karen Azawak

Arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, akwai ƙasar Azawak. Can ne ake samun wani irin kare siriri, mai dogayen ƙafafu. Tsawonshi daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimetir 60 zuwa 74, amma nauyinshi bai wuce kilo 25 ba. Makiyaya suna ajiye shi don tsaron zango da garke. Tun yana ƙarami yake kwana kusa da mutane da bisashe, yana bin manyan karnuka, yana koyo. Da can ana farautar barewa da shi. Yanzu barewa ta yi ƙaranci, kuma dokar 1998 ta tsara sha'anin farauta a Nijar.

A shekarun 1970 aka fara kai irin wannan kare Turai. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin karnukanta, da sunan Azawak. Karen Azawak yana son mutanen gidanshi, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Wanda ya buge shi kuwa, da wuya ya sake yarda da shi.

8. Lafiyar kare, lafiyar gida

Kare mai yunwa ko mai ciwo ba ya koyo. A ba shi abinci cikin kaskonshi, a ajiye mashi ruwa a inuwa. Kada a ba shi albasa, don tana ɓata mashi jini. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, don yakan tsage ya soke shi.

In ya cika wata 3, a kai shi wurin likitan dabbobi, a yi mashi allurar rigakafin haukan kare. Wannan ciwo yana kashe mutane kusan 59 000 kowace shekara a duniya, da yawansu yara ne. Lui Pastor, mutumin Faransa, ya fara yi wa mutum allurar ciwon a 1885. Wanda aka yi wa yaro ne ɗan shekara 9, kuma ya rayu.

In kare ya cije ka, ko naku ne, kada ka ɓoye. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ka gaya wa manya, a kai ka gidan likita a ranar. In aka jira har ciwon ya bayyana, babu magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka kare yake yi a garinku?
2. Don mi ake ba kare lada nan da nan?
3. Mi sanda take koya wa kare?
4. Faɗi dokoki huɗu na mai horo.
5. Mi za ka yi in kare ya ciji ƙanenka?

Aiki

Ka tambayi wani makiyayi ko mafarauci na garinku yadda yake horon karenshi. Ka rubuta kalmomin da yake faɗa mashi, ka kawo su aji gobe.