Dalilin da furannin gidaje a Demsawo ke zarce lokacinsu idan hunturu ya makara

A unguwar Demsawo da ke Jimeta, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, furannin tsakar gida suna da lokacin da aka san su da shi. Damina takan kankama a watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ta ɗauke a Oktoba. Da kaka ta ja baya sai hunturu ya sauko da ƙura, furanni masu laushi su yanƙwane. Amma a shekarar da iskar ta makara, akan tarar da lambu yana fure har cikin Nuwamba.

Abin da ke kawo ƙarshen fure a wannan yanki shi ne bushewa, domin sanyin Yola bai kai ya kashe shuka ba. Muddin akwai sauran laima a ƙasa da kuma iska, musamman a gari irin Jimeta da ke bakin Kogin Binuwai, shuka za ta ci gaba da toho.

Ba dukkan tsirrai ne ke bin wannan ƙa'ida ba. Yakuwa, wadda ake samun zoɓo daga gare ta, tsawon yini take lissafawa, sai rana ta fara gajarta take yin fure. Bugenbiliya kuwa ta fi ƙawata katanga a lokacin rani.

Inda abin ya fi shafar aljihu shi ne mangwaro. Sanyin daren hunturu na daga cikin abubuwan da ke sa shi fure, don haka ɗumin da ya tsawaita ran furen ado yana iya jinkirta furensa ko ya rage shi. Ɗumin kuma yakan ba ƙwari damar ƙara hayayyafa, har da sauro a ruwan da ya kwanta ƙarƙashin tukwanen shuka.

Lambu ɗaya ba ya zama hujjar sauyin yanayi. Sai dai Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye bayanai. A cikin gida, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda mai lambu zai iya amfana da shi kamar manomi.

Mai son ajiye iri ya dakata har kan furen ya bushe a jikin uwarsa, domin irin da aka tsinka da ɗanye yakan yi fumfuna kafin damina ta zagayo.