Ina Kuɗi Ke Maƙalewa Tsakanin Gwandu da Legas?

Mai POS a Gwandu ba ya karɓar kati sai ya tambaya: "Alhaji, wane banki na?" In aka ambaci wani bankin sai ya girgiza kai, ya ce a dakata zuwa la'asar, tun hantsi nasu ke ta wasa. In wani ne kuma, sai ya ajiye na'urar da ke hannunsa ya zaro ta biyu daga aljihun tebur. Bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba, amma abin da yake yi shi ne bankuna ke biyan injiniyoyi albashi mai tsoka su yi musu: lura da tsawon lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, da gano ta inda cikas ke fitowa. Shi daga bakin kasuwa yake awonsa, su daga ɗaki mai sanyi a Legas, kuma sau da yawa awon nasu ba ya zuwa ɗaya.

Da an danna lambar sirri, saƙo ke fita daga na'urar ta layin waya zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan ya bi wayar faiba, ko ya yi ta tsalle daga ƙarfe zuwa ƙarfe ta iska, har ya hau babbar hanyar da ta nufi kudu. Zangon farko shi ne kwamfutocin kamfanin da ya ba da na'urar, Moniepoint ne ko OPay ko PalmPay ko wani banki. Su kuma su miƙa shi ga mai sada bankuna, kamar Interswitch da aka kafa a 2002, ko NIBSS, mallakar Babban Bankin Najeriya da sauran bankuna, wanda aka kafa a 1993 kuma ya ɓullo da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Sai saƙon ya isa bankin mai kati, a duba lambar sirri, a duba ko akwai kuɗin, a duba ko da alamar damfara, sannan amsa ta juyo ta bi sawunta. Kowane zango da mai shi, da ma'aikatansa, da janaretonsa. Babu mutum ɗaya da ke riƙe da hanyar tun daga farko har ƙarshe.

Mutane kan ɗora laifin a kan nisa, wai Kabi, jihar da Gwandu ke ciki, ta yi wa Legas nisa. Lissafi bai yarda ba. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Ko da an ƙaddara tsawon wayar kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ne kacal. Saboda haka idan na'ura ta yi daƙiƙa 40 tana juyi, saƙon yana tsaye ne a wani wuri yana jiran a saurare shi.

Kowa ya san layin injin markaɗe. Ranar da mata ke zuwa jefi-jefi, kowa na ajiye bokiti ake zuba mata. Jajibirin salla kuwa injin bai rage gudu ba, amma mai zuwa da hantsi sai ta kai azahar. Masana lissafin layi sun nuna cewa jiran ba a hankali yake ƙaruwa ba. A mafi sauƙin lissafinsu, idan masu zuwa suna zuwa ne ba bisa tsari ba, injin da ke aiki da rabin ƙarfinsa zai riƙe mutum ninki 2 na lokacin aikin. In ya kai kashi 90 cikin 100, ninki 10. In ya kai kashi 99, ninki 100. Kwamfutar banki ma haka take, har da ƙari, domin wanda ya ga shiru sai ya sake dannawa, ya sake, kowace dannawa kuwa sabon saƙo ne da ya shiga bayan layin.

Ƙasar nan ta ga wannan ƙuru-ƙuru a farkon 2023. Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, aka janye tsofaffin, sababbin kuma suka yi ƙaranci. Mai albasa da mai shinkafa da mai nama, waɗanda a da ba su yarda da komai sai tsaba a hannu, duk suka koma tiransifa a lokaci guda. Manhajojin bankuna suka riƙa sumewa, ana sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Manoman Kabi da dama sun buɗe asusu ne tun shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a watan Nuwamban 2015, amma 2023 ce ta tilasta musu dogara da asusun don cefanen yau da gobe.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne a cire kuɗi, alat ya shigo, na'ura kuma ta ce cinikin bai yiwu ba. Dalilinsa na cikin yadda aka gina tsarin. Kowane zango yana da iyakar lokacin da zai jira na gaba da shi. In lokacin ya cika bai ji amsa ba, sai ya yanke cewa abin ya faɗi. Wani lokaci bankin ya riga ya cire kuɗin, amsarsa ce ta makara a hanya. Kamata ya yi wani saƙon ya koma ya ce a mayar, to shi ma wannan layin zai bi. Masu POS sun haddace lamba 91 da ke fitowa a rasit, wadda ke nufin ba a samu bankin mai kati ko mai sada bankunan ba, saɓanin 51 da ke nufin kuɗin asusun ne bai kai ba. A watan Yunin 2020 Babban Banki ya ƙayyade wa'adi: kuɗin da ya maƙale a ATM ɗin bankinka a mayar nan take, ko cikin awa 24, na ATM ɗin wani banki cikin awa 48, na POS da na intanet cikin awa 72. Awa 72 a takarda ba yawa, amma ga wanda kuɗin motarsa na komawa gida ke ciki, kwana uku ne a garin mutane.

To me injiniyoyin ke kallo a allunansu? Wani littafi da ma'aikatan Google suka fitar a 2016 ya taƙaita abin a huɗu: tsawon lokacin amsa, yawan saƙonnin da ke shigowa, yawan waɗanda suka faɗi, da yadda na'urori suka kusa cika. Wannan ya isa ga kwamfuta guda. Inda zanguna suke da yawa sai an ƙara wata dabara: a liƙa wa kowane ciniki lamba tun daga tushe, kowane zango ya rubuta lokacin da ta iso masa da lokacin da ta fita. In aka jera rubuce-rubucen sai a ga inda daƙiƙun suka tafi, uku a kamfanin na'ura, talatin a rumbun bayanan banki. Doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit ɗin tiransifa irin wannan amfani gare ta, shi ya sa ita ma'aikacin banki ke fara tambaya. Wanda ya yar da rasit ya wahalar da kansa. Wasu kamfanonin kuma suna sa kwamfuta ta riƙa yin cinikin gwaji dare da rana, don a ji matsala kafin abokan ciniki su fara kira.

Akwai wani lissafin da ya kamata mai kare kamfaninsa ya riƙe. A ce zanguna biyar ne, kowanne yana yin daidai sau 99 cikin 100. Kowa zai bugi ƙirji a taron manema labarai. Amma in aka haɗa su, kusan ciniki 5 cikin 100 ne ke faɗuwa, kuma babu wanda zai ce nasa ne.

Inda nake ganin allunan Legas suka fi zaluntar garuruwa irin Gwandu shi ne wajen matsakaicin lissafi. A misali, in ciniki 95 suka ɗauki daƙiƙa 2 kowanne, 5 kuma suka ɗauki minti guda, matsakaicin bai kai daƙiƙa 5 ba, allo zai nuna kore. Ƙwararru sun san wannan, shi ya sa suke duba mafi jinkirin kashi 1 ko kashi 5 daban. Sai dai ko hakan aka yi wa ƙasa baki ɗaya, cinikin Legas da Kano da Abuja zai haɗiye na ƙaramar hukuma guda, ko da rabin nata ya faɗi. Mafi muni, saƙon da ya mutu tsakanin na'ura da ƙarfen sabis, don man janareto ya ƙare ko masu gyaran hanya sun tsinke waya ko ruwan sama ya tare iska, bai taɓa isa Legas ba balle a ƙirga shi. A littafin banki wannan cinikin bai faru ba. Mai shanun da ya fasa sayarwa shi kaɗai ya san an yi.

A Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi ta fara aiki bayan kafa ta a 2013, sarƙar ta ƙara tsawo. Kuɗin da ake biyan cibiyoyin gwamnatin tarayya ta Remita yake bi tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015. Ɗalibi zai ciro lambar biya, ya biya ta banki ko ta mai POS, sannan shafin makaranta ya jira tabbaci kafin ya buɗe masa rajista. Kamar kowane tsari mai wa'adi, cunkoson na zuwa ne a kwanakin ƙarshe, lokacin da kowane zango ya fi kusa da cika. Wannan nauyi ne da aka san ranarsa tun watanni, don haka ana iya gwada tsarin da irinsa kafin ranar ta zo.

Wani lokacin kuma cikas ɗin ba a ƙasar yake ba sam. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama a Najeriya suka shiga matsala, domin wani ɓangare na aikinsu ya dogara da kwamfutocin da ke ƙasashen waje.

Wasu manhajojin yanzu suna nuna wa mai tura kuɗi yadda bankin da zai tura wa ke amsawa a wannan lokacin, kuma ci gaba ne. Abin da ya rage shi ne awon ya fara daga cikin na'urar da ke kasuwa: ta riƙa rubuta kowane yunƙuri, har da wanda bai fita ba, ta aika rahoton in sabis ya dawo. Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC suna da ikon neman a rarraba waɗannan alƙaluma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ranar kasuwa daban da sauran ranaku, a kuma wallafa su. Da haka ne ɗan majalisar da ke wakiltar Gwandu ko Kalgo zai iya kiran kamfani da takarda a hannu, ya tambayi wane zango ne ke cinye daƙiƙun, kuma yaushe za a gyara shi.