Ciwon Suga: Shawarar Magani Ta Mutum Biyu Ce

Akasarin masu ciwon suga kalma ɗaya suke furtawa gaban likita: "To." An rubuta magani, to. An ce a rage tuwo, to. Sai a koma gida a jefa ƙwayoyin cikin kwaba, domin ba wanda ya tambayi direban tirela yaushe yake samun cin abinci a hanyar Legas.

Ga ɗan shekara 30 ko 45 wannan shirun yana da tsada, tunda shi ne zai daɗe da ciwon. Binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna a 2008 cewa waɗanda suka riƙe sugansu da kyau tun farko sun samu raguwar haɗarin bugun zuciya har shekara 10 bayan kammala gwajin.

Tun 1982 wani kwamitin shugaban ƙasa a Amurka ya ba da shawarar likita da majinyaci su riƙa yanke hukunci tare. Asibitin Mayo ma kati-kati ya buga: wannan na kuɗin magani, wannan na ƙiba, wancan na faɗuwar suga. Majinyaci ya ɗauki wanda ya fi damunsa, hira ta fara daga nan. A gwajin da aka wallafa a 2009 masu katin sun fi sa baki a zaɓin maganinsu, amma fa sugansu bai fi na sauran sauka ba. Ba tsafi ba ne, kuma gara a faɗa.

Duk da haka ina ganin hanyar ta fi. Metformin yana da sauƙin kuɗi, sai dai yakan lalata ciki da farko. Glibenclamide kan faɗar da suga, mutum ya hau karkarwa da gumi, abin da mai tuƙi ko mai azumi bai kamata ya yi wasa da shi ba. Insulin na son wuri mai sanyi, ga halin da wutar lantarki ke ciki. Matar da ke neman haihuwa kuwa lissafinta daban ne. Likita ya san waɗannan duka, amma bai san aljihunka ba, bai san ko kana sahur ba, sai ka gaya masa.

Kunya da layin asibiti suna hana magana, gaskiya ne. Ko da minti biyar aka ba ka, mai karatu, ka tambaya: wane zaɓi nake da shi, mene ne illar kowanne, nawa zai ci mini a wata?